Mayun Dare da 'Yan'uwansu: Yadda Matan Sobiyet Suka Yi Yaƙi a Sama

Jirgin da ake kira Po-2 katako ne da tamfol. Fukafukai biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya, da inji guda mai ƙarfin doki ɗari da 'yan kai. Kujerunsa biyu ne, gaba da baya, kuma ba su da rufi, iska da ƙanƙara kai tsaye suke dukan fuskar wanda ke ciki. Tun wajen 1928 Nikolai Polikarpov ya ƙera shi domin koyar da tuƙi, daga baya aka riƙa feshin gonaki da shi. In ya ƙure gudunsa da ƙyar yake kai kilomita 150 a awa. Harsashi mai wuta guda ɗaya in ya taɓa shi, kamawa yake yi kamar busasshiyar ciyawa. A cikin wannan jirgi ne wasu 'yan mata, yawancinsu ba su fi shekara ashirin da 'yan kai ba, suka tashi sau fiye da 23,000 cikin dare suna zuba wa sojojin Jamus bama-bamai, daga Yunin 1942 har zuwa Mayun 1945, a yaƙin nan da kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila.

Jamusawa suka laƙaba musu Mayun Dare. A kunnen Bahaushe kalmar mayya tana da nauyi, kuma su ma Jamusawan ba da nufin yabo suka faɗe ta ba. Matan dai sun karɓi sunan, yau da shi duniya ta san su. Sai dai sunan ya yi wa labarin inuwa. Rundunoni uku aka kafa, ɗaya kawai aka keɓe wa jefa bam da dare, kuma abin da suka yi aikin ƙarfi ne da lissafi da rashin barci.

Tambayar da kowa ke fara yi ita ce: me ya sa Tarayyar Sobiyet ta sa mata a jiragen yaƙi, alhali Amurka da Ingila sun tsaya ga ba su aikin kai jirage daga masana'anta zuwa sansani? Amsar da aka fi ji ita ce wai maza ne suka ƙare. Wannan amsa ba ta zauna daidai da lokacin ba. A ranar 22 ga Yunin 1941, ranar da Jamus ta afka wa ƙasar, an lalata jiragen Sobiyet kimanin 1,200, kuma galibinsu a ƙasa suke a ajiye. Ma'ana, jiragen ne suka ƙone, matuƙansu da yawa suna nan da rai. A watannin farko na yaƙin jirage ne suka yi ƙaranci fiye da masu tuƙa su. Da ƙarancin maza ne dalili, ai da an ci gaba da kafa rundunonin mata na sama yayin da asara ke ƙaruwa, amma daga ukun nan ba a ƙara ko ɗaya ba.

Tushen abin ya girmi yaƙin. A shekarun 1930 gwamnati ta baza ƙungiyoyin koyon tuƙin jirgi a birane da garuruwa, ƙarƙashin wata ƙungiyar sa-kai mai suna Osoaviakhim. Yarinya mai aiki a masaƙa ko ɗalibar jami'a tana iya tashi daga aiki da yamma ta je ta koyi tuƙi da dira da laima ba tare da ta biya ko sisi ba. Kafin yaƙi ya ɓarke akwai mata masu yawa da suka iya tuƙi, wasunsu ma malamai ne, su suka koyar da mazan da aka tura fagen daga. Da yaƙi ya zo suka yi ta zuwa ofisoshin ɗaukar soja ana mayar da su gida. Sai suka koma rubuta wasiƙu, kuma yawancin wasiƙun mace ɗaya aka aika wa: Marina Raskova.

Raskova a lokacin sunanta ya cika ƙasar. A watan Satumban 1938 ita da Valentina Grizodubova da Polina Osipenko sun tashi daga Mosko a jirgi mai suna Rodina, suka nufi gabas mai nisa ba tsayawa, tafiyar kusan kilomita 6,000. Da mai ya kusa ƙarewa aka umarci Raskova, wadda ke zaune a hancin jirgin tana duba hanya, ta dira da laima don kada ta mutu in jirgin ya daki ƙasa. Kwana goma ta yi ita kaɗai a dajin Saiberiya kafin ta iske inda jirgin ya sauka. Su ukun ne mata na farko da aka ba lambar Jarumin Tarayyar Sobiyet. Ban da suna, Raskova jami'a ce a hukumar tsaro ta NKVD, kuma tana da hanyar da maganarta za ta kai kunnen Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet. Buƙatar na ƙasa ta haɗu da mai faɗa a ji a sama. Ranar 8 ga Oktoban 1941 aka fitar da umarni mai lamba 0099 na kafa rundunoni uku na mata: ta 586 ta jiragen farautar jirage, ta 587 ta masu jefa bam da rana, ta 588 ta masu jefa bam da dare.

A tsakiyar wannan wata, daidai lokacin da Jamusawa ke dab da Mosko mutane na ta gudu, aka zuba su a taragon kaya zuwa garin Engels da ke bakin kogin Volga. Can aka aske musu gashi kamar na maza, aka ba su kakin maza da manyan takalma waɗanda sai an cusa tsumma a ciki kafin su zauna a ƙafa. Karatun da aka saba yi cikin shekaru aka dunƙule shi cikin wata shida, ana yini ana kwana a kai. Kowace tana son a ba ta jirgin farauta, Raskova ce ta zauna ta raba su bisa gwaninta. Ɗaliban lissafi da kimiyya daga jami'ar Mosko aka mai da su masu duba hanya, wasu kuma aka ce su koyi kanikanci da ɗaura bam. Tun kafin su ga abokan gaba sun binne huɗu daga cikinsu, waɗanda guguwar ƙanƙara ta kayar da jiragensu a wani atisayen dare a Maris 1942.

Runduna ta 588 ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, don ita kaɗai ce ta kasance ta mata zalla daga farko har ƙarshe, tun daga kwamanda Yevdokia Bershanskaya har mai wanke inji. Sa'ad da suka isa fagen daga a kudu, mazan da suka tarar ba su ɗauke su da muhimmanci ba, suna ce musu rundunar Dunka, wato suna wasa da sunan kwamandarsu. Ba a cika shekara ba, a Fabrairun 1943, aka ɗaga su zuwa matsayin rundunar zaratan soja, aka sauya lambarsu zuwa ta 46.

Ga yadda dare ɗaya yake. Da magariba jiragen za su tashi daga inda aka ɓoye su, su sauka a wani fili kusa da bakin daga, sau da yawa gona ce ko makiyaya. Ba rediyo a jirgin, ba na'urar hango abokin gaba. Wadda ke kujerar baya taswira gare ta da kamfas da agogo da ƙaramar tocila, da su take lissafa inda suke cikin duhu. Jirage na tashi ɗaya bayan ɗaya, mintuna kaɗan a tsakani, don kada na ƙasa su sami sararin runtsawa. In an kusa wurin da za a kai hari, matuƙiya sai ta rage wutar inji har ya yi kusan shiru, jirgin ya riƙa zamewa ƙasa a hankali. Sojan Jamus da ke cikin rami ba abin da zai ji sai shuuu na iska a jikin wayoyin fukafukai, sai kuma faɗuwar bam. Daga nan ta ba inji wuta ta juya gida. Tana sauka ba ta ko fita daga kujera. Makanikai su zuba mai, masu ɗaura bam su durƙusa ƙarƙashin fukafuki, a miƙo mata shayi, ta ba da rahoto, ta sake tashi. A dogayen dararen hunturu jirgi ɗaya yakan je ya dawo sau takwas, sau goma, har fiye. Nadezhda Popova ta taɓa yin sawu 18 a dare guda a Foland.

Masu ɗaura bam ɗin nan ba kasafai ake tuna su ba, kuma ni a wurina rabin labarin nasu ne. Bam ɗaya kilo 50 ne ko 100, kuma da hannu ake ɗaga shi a maƙala, cikin duhu, cikin taɓo ko sanyin da ke manne fata a jikin ƙarfe. Jirgin yakan ɗauki kilo 200 zuwa 300 a sawu. A lissafa: sawu goma na jirgi ɗaya ya kai tan biyu zuwa uku, wanda 'yan mata biyu ko uku suka ɗaga da ƙarfin damtsensu kafin asuba. Gari ya waye su yi ɗan barci, makanikai kuma su hau ɗinke ramukan da harsasai suka huda a tamfol.

Abin mamakin shi ne raunin jirgin ya zama kariyarsa ta wani ɓangare. Jiragen farautar Jamus suna da saurin da in suka rage gudu zuwa na Po-2 sai su faɗo, don haka bin sa a baya yana da wuya. Yana tashi ƙasa-ƙasa, yana juyawa a ɗan ƙaramin wuri, yana sauka a kowane fili. Babban abin tsoro shi ne manyan fitilun da ke haska sama. In suka kama jirgi, hasken yakan makantar da matuƙiya, bindigogin kakkaɓo jirage kuma su yi masa ca. Dabarar da suka ɓullo da ita ita ce wasu su ja hankalin fitilun da gangan, wata ta sulale ta cikin duhu ta saki kayanta. Kuma har zuwa 1944 ba sa ɗaukar laimar dira. Nauyin laimar ana ganin gara a cike shi da bam.

A wani dare na Afrilun 1943, a sararin Novorossiysk, harsashin jirgin Jamus ya sami matuƙiya Yevdokia Nosal a kai, ta mutu nan take. Gawarta ta kife a kan sandar tuƙi, jirgin ya fara nutsewa. Irina Kashirina da ke kujerar baya, wadda asalinta makanikiya ce da ta koyi duba hanya, ta miƙa hannu ɗaya ta riƙe wuyan rigar gawar ta ja ta baya, da ɗaya hannun ta kama sandar tuƙi ta kujerarta. Haka ta dawo da jirgin har sansani ta sauke shi. Wata uku da 'yan kwanaki bayan haka ita ma ta tafi. A daren 31 ga Yuli zuwa 1 ga Agustan 1943, a yankin Kuban da ke kudancin Rasha, matan suka lura fitilu na haskawa amma bindigogin ƙasa sun yi tsit. Dalilin shi ne Jamusawa sun kawo jirgin farautar dare, kuma ba sa son su harbi nasu. Jirage huɗu suka kama wuta a sama ɗaya bayan ɗaya, na baya suna kallon na gaba yana ci. Mata takwas suka mutu a daren, Kashirina na cikinsu. Ba a taɓa yi wa rundunar asara irin ta wannan dare ba.

Za a iya tambaya: kilo 300 na bam me zai yi wa rundunar da ta mamaye rabin Turai? Gaskiya ba wannan jirgi ne ya karya Jamus ba, kuma akwai rundunonin maza da dama masu irin wannan aiki da irin wannan jirgi. Jamusawa ma keken ɗinki suke kiran sa saboda ƙarar injinsa. Amfaninsa shi ne ya hana soja barci dare bayan dare, ya ƙona ma'ajiyar mai da ta harsasai, ya lalata gadar da aka kafa a kan kogi, ya tilasta wa motoci tafiya ba fitila. A Nuwamban 1943, sa'ad da aka yi wa sojojin Sobiyet ƙawanya a Eltigen da ke gaɓar Kirimiya, waɗannan matan suna cikin masu zuwa ƙasa-ƙasa su jefa musu abinci da harsasai da magani. Daga Kaukasus suka bi yaƙin zuwa Kirimiya, Belarus, Foland, har cikin Jamus. Rundunar ta rasa mutum 32, kuma 23 daga cikinta sun sami lambar Jarumin Tarayyar Sobiyet. A cikinsu akwai Yevgenia Rudneva, ɗalibar ilmin taurari, wadda aka harbo kusa da Kerch a Afrilun 1944 a sawunta na 645. Akwai Maguba Syrtlanova, Batatariya. Akwai kuma Khiuaz Dospanova 'yar Kazakistan, wadda ta karye ƙafafu biyu a hatsari ta koma bakin aiki, ƙasarta ta ba ta lambar jarumta a 2004.

Sauran rundunonin biyu hanyarsu daban ce. Ta 587, wadda Raskova ta riƙe da kanta, an ba ta Pe-2, jirgin zamani mai inji biyu wanda ko maza suna kuka da wuyar sarrafa shi. In an cika shi da bam, jan sandar tuƙi wajen tashi yana son ƙarfi, har mai duba hanya takan taimaka wa matuƙiya, masu gajerun ƙafafu kuma su sa matashi a bayansu. Raskova ba ta kai ga jagorantar su a yaƙi ba. Ranar 4 ga Janairun 1943 jirginta ya faɗi cikin mummunan yanayi kusa da Saratov, a hanyar zuwa fagen Stalingrad. Aka yi mata jana'izar ƙasa, aka sa tokarta a bangon Kremlin. Namiji aka naɗa a madadinta, Valentin Markov, aka kuma kawo maza cikin masu harbi da makanikai. Rundunar ta yi sawu 1,134, biyar daga matanta suka sami lambar jarumta.

Ta 586 kuwa aikin gadi aka ba ta: tsare gadoji da tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu daga harin sama. Aiki ne mai muhimmanci amma ba ya kawo suna. A daren 24 ga Satumban 1942 Valeria Khomyakova ta harbo jirgin Jamus mai jefa bam a sararin Saratov, ita ce mace ta farko da ta yi haka cikin dare. An sami rashin jituwa tsakanin wasu matuƙa da kwamandarsu Tamara Kazarinova, aka sauya ta da namiji, Aleksandr Gridnev, a kakar wannan shekara. Kafin nan an riga an tura wasu daga cikin gwanayen rundunar zuwa Stalingrad su shiga cikin maza, kuma daga cikinsu ne Lidiya Litvyak da Yekaterina Budanova suka fito.

Litvyak ta harbo jiragenta na farko ranar 13 ga Satumban 1942, kwanaki kaɗan da isarta. Masana tarihi sun saɓa kan jimillar jiragen da ta kayar, daga biyar zuwa goma sha biyu ita kaɗai, amma galibi ana ganin ita da Budanova ne kan gaba cikin duk matan da suka taɓa yin faɗa jirgi da jirgi. An kashe Budanova ranar 19 ga Yulin 1943. Ranar 1 ga Agusta, wato wayewar garin daren nan na Kuban, Litvyak ta shiga gajimare a sararin Donbas da ke gabashin Yukren jiragen Jamus na bin ta, ba a sake ganinta ba. Saura kwana 17 ta cika shekara 22.

A nan ne fuskar gwamnatin da suka yi wa yaƙi take bayyana, kuma bai kamata a rufe ta ba. Tun Agustan 1941 Stalin ya ba da umarnin da ya sa ana kallon duk sojan da aka kama da rai a matsayin maci amana. Wanda ya ɓace ba a ga gawarsa ba, zargi na kansa. Saboda haka aka hana Litvyak lambar jarumta. Masu sa-kai suka yi shekaru suna tono a ƙauyukan Donbas, a 1979 aka gano inda aka binne ta, sai a Mayun 1990 shugaban ƙasar, Gorbachev, ya sa hannu a takardar, kusan shekara 47 bayan mutuwarta. Anna Yegorova, wadda ta tuƙa jirgin kai hari ƙasa mai suna Il-2 a rundunar maza, an harbo ta kusa da Warso a Agustan 1944, ta ƙone, Jamusawa suka kama ta. Da aka 'yantar da sansanin da take, jami'an tsaron ƙasarta ne suka tsare ta suna yi mata tambayoyi kamar mai laifi. Sai a 1965 ta karɓi lambarta.

Masu cewa wannan labari shaida ce ta daidaiton maza da mata a Tarayyar Sobiyet, su ma sai su duba abin da ya biyo bayan nasara. Mata kimanin 800,000 ne suka yi aikin soja a yaƙin, kuma ana gamawa aka sallami kusan dukkansu. A Yulin 1945 shugaban majalisar ƙoli Mikhail Kalinin ya tara wasu daga cikinsu, ya yaba musu, sannan ya shawarce su kada su riƙa faɗin abin da suka yi, su bari wasu su faɗa. Ƙasar ta rasa mutum kusan miliyan 27, abin da hukuma ke so daga mata yanzu shi ne haihuwa da aikin masana'anta. A Oktoban 1945 aka rushe runduna ta 46. Makarantun sojan sama suka koma ɗaukar maza. Ƙofar da aka buɗe a 1941 ta larura ce da matsin lambar matan da kansu, ba a taɓa mai da ita doka mai ɗorewa ba. Amurka ma sai a 1993 ta yarda mata su tuƙa jiragen yaƙi.

Matan suka watsu cikin rayuwar farar hula. Wasu jikinsu ya riga ya lalace da sanyi da rashin barci, ba su sake tuƙi ba. Irina Rakobolskaya, wadda aka ɗauko daga ajin kimiyyar lissafi aka mai da ita shugabar ma'aikatan rundunar dare tana da shekara 22, ta koma jami'ar Mosko ta ƙarasa karatunta, ta zama farfesa a can. Kafin su rabu sun yi alkawarin haɗuwa kowace ranar 2 ga Mayu a lambun da ke gaban gidan wasan Bolshoi a Mosko, kuma sun riƙe alkawarin shekara da shekaru, suna zuwa da lambobinsu a ƙirji, daga baya da 'ya'ya da jikoki, ana kiran sunayen waɗanda ba su dawo ba. Popova, mai sawu 852, ta rasu a 2013 tana da shekara 91. Rakobolskaya ta bi ta a 2016 tana da 96.